Igiyar Inna Kande

Mun wuce Matamaye da hantsi, Hajiya Laure ta miƙo hannu ta ce in ba ta takarduna na makaranta.

"Kawo in adana miki. Idan mutanen kan iyaka suka ga yarinya da takardun Faransanci, sai mu yini a wurin."

Hajiya Laure 'yar kasuwa ce, tana kai dabino Kano ta komo da atamfa. Ita ce ta shawo kan mahaifiyata cewa zamana a Damagaram ɓata lokaci ne, tunda malamanmu sun daɗe suna yajin aiki. Ta ce a Kano makaranta tana jirana, ga gidan mutunci da zan zauna. Shekaruna goma sha huɗu a lokacin. Na ciro ledar daga ƙarƙashin hijabina na ba ta. Na ga ta cusa ta cikin wata koriyar jaka wadda zif ɗinta ya lalace aka kama bakin da fil guda biyu. Na ga ba ta ko dubi ledar ba. Tun ina ƙarama idona ya fi bakina aiki, kuma duk wahalar da na sha a tafiyar nan daga nan ta samo asali.

A kan iyaka babu wanda ya tambayi takarda. Buhunan dabino kawai suka duba.

Mun shiga Kano da la'asar. Shekarar ce sojoji suka koma bariki, ko'ina a jikin bango hotunan 'yan takara ne, ruwan sama ya fara cinye musu fuskoki. A cikin kiya-kiyar da muka hau zuwa Gyaɗi-Gyaɗi maza biyu suna ta gardama kan ko farar hula za su kai shekara. Ni dai ina riƙe da ƙullin kayana, ina leƙen ko zan ga makarantar.

Gidan mutuncin ashe gidan ƙanwar Hajiya Laure ne, mai sayar da shinkafa da wake ga direbobi da leburori a bakin titi. Washegari aka nuna mini baho da tarin kwanuka. Da na yi ƙarfin hali na tambayi zancen makaranta, Hajiya Laure ta ce, "Litinin mai zuwa, in Allah ya kai mu." Litinin ta zo ta wuce. Ta biyu ma haka. Ranar Litinin ta uku na tashi na ga babu koriyar jaka a inda ake rataye ta. Hajiya Laure ta koma Damagaram da asuba, da atamfofinta da takarduna.

Na yi wata biyu a bakin bahon nan. Yaran gidan suka laƙaba mini 'yar Faransa, saboda na ce lakwal a maimakon makaranta. Kullum da safe 'yan mata masu farin hijabi da shuɗin wando suna wucewa ta gabana, na san wadda takalminta ya tsinke ta ɗaure da waya, na san wadda take cin gyaɗa a ɓoye. Su ba su san da ni ba. Ruwan garin ma ɗanɗanonsa daban. Idan kewa ta taso mini sai in rufe ido in ƙirga duwatsun bayan gidanmu, har a daka mini tsawa cewa kwanuka sun ƙare.

Malama Asabe ce ta fitar da ni. Malamar makaranta ce, doguwa, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Duk Laraba takan zo da kwanuka uku ta sayi abinci. Wata rana ta tarar da ni na shimfiɗa guntun jaridar da aka ƙunso ƙosai a ciki, ina bin harufan da yatsa.

"Kina gane abin da ke ciki?"

Na girgiza kai. Turancin Ingilishi ne.

"To me kike karantawa?"

Na buɗe baki in amsa, kuka ya riga maganar fitowa. Ta tsuguna a gefen bahon, ba ta damu da ruwan wanke-wanken da ke jiƙa mata zane ba, har na gama ba ta labari.

Ita da wasu matan unguwa, yawancinsu malamai da matan ma'aikata, sun haɗa kai suna kula da tsofaffin da ba su da ƙarfi. Ƙungiyar ko suna ba ta da shi. Sun raba kwanaki, yau wannan gida ya kai abinci, gobe wancan. Wata ta yi wanki, wata ta raka asibiti. Manufarsu kada talauci ko rauni ya sa a ɗauke tsoho daga ɗakinsa alhali bai so ba. Kwanuka ukun Laraba na tsofaffi uku ne.

"Akwai ɗaya a Tarauni, Inna Kande," in ji ta. "Mijinta masinja ne, ya rasu, ba ta da ɗa a raye. Kwanakin baya wuta ta kama gefen zanenta. Ɗan wanta, Alhaji Sule, ya ce sai ta koma gidansa a Unguwa Uku. Mun roƙe shi, ya ce a samo mai zama da ita, bayan wata biyu zai zo ya gani da idonsa. Idan kin zauna da ita, zan sa ki a makarantar yamma. Amma ki sani, idan aka ɗauke ta, ba ni da wani wurin da zan ajiye ki."

Wasu a unguwar suna cewa gidan Alhaji yake so, ya fasa shaguna, tunda siyasa ta dawo kowa na neman ofis a bakin hanya. Ni ban ga haka a fuskarsa ba daga baya, ban kuma rantse ba.

Gidan ɗaki ɗaya ne da rumfa da 'yar tsakar gida. Tun daga zaure warin daddawa ya tare ni. Inna Kande tana zaune a kan turmin da aka kifa, ƙaramar mace, baƙa, tana tsince kalwa a faifai, fuskarta na sama kamar mai sauraron wani abu.

"'Yar ina ce?"

"Damagaram, Inna," in ji Malama.

"To. Tun zamanin kakanni Damagarawa ba su taɓa zuwa Kano da alheri ba. Yanzu ɗakina kuka zo ci da yaƙi?"

Malama ta yi dariya, ta ce ai wasa ne tsakanin Damagarawa da Kanawa. Na san wasa ne. Amma muryar tsohuwar babu wasa a cikinta.

Ban taɓa ganin mai buƙatar taimako da ta tsani taimako kamar Inna ba. In ɗauki tsintsiya, ta ce in ajiye inda na gan ta. In ɗebo mata ruwan alwala, ta zubar ta ɗebo da kanta. Wata rana na matsar da kujerar tsuguno daga bakin ƙofa don kada ta yi tuntuɓe, ta yini tana faɗa.

"Wa ya aike ki? Gawa kika tarar a gidan nan?"

Hatta abincin da ake kawo mata, ba ta yarda sadaka ba ne. Ba ta taɓa mayar da kwano haka nan ba, sai ta jefa ƙwayar daddawa biyu a ciki. "Ciyayya muke yi," take cewa. "Su aiko, in aika." Takan shafa murfin kwano ta ce na gidan wance ne, kuma ba ta taɓa kuskure ba.

A makaranta ma ban samu sauƙi ba. Da yake babu takarda, aka mayar da ni baya aji biyu. Na fi kowa tsawo, na fi kowa shiru. Lissafin da na wuce tun bara ake koya mana, amma da harshen da ban sani ba, sai in san amsa in rasa yadda zan faɗe ta. In dawo gida kuma in tarar da tsohuwar da ba ta son ganina. Sau da yawa na yi tunanin bahon Gyaɗi-Gyaɗi ya fi, ko ba komai can ana son aikina.

Da aka hana hannuna aiki, sai idona ya ci gaba da nasa. Akwai wata tsohuwar igiya da aka ɗaura daga ginshiƙin rumfa zuwa ƙofar banɗaki, daidai ƙugu, ta yi baƙi ƙirin, ba a taɓa shanya a kanta ba. Tulu biyu ne a bakin ɗaki, na ruwan sha a dama, na ruwan kanwar da take dafa kalwa da shi a hagu. Gwangwanayenta kowanne da alama, na gishiri an ɗaura masa tsumma, na goro an ɗaura masa mai ƙulli biyu. Akwai duwatsu uku a jere tsakanin rumfa da murhu. Idan tana magana da mutum kafaɗarsa take kallo. Na ga duk wannan, na fassara shi da cewa tsufa ne da rashin tsari.

Ranar da Alhaji Sule zai zo ta faɗo Asabar, kuma ta yi daidai da suna a gidan da ke jikin namu. Tun da safe Inna ta bi bango ta shiga can. Na tsaya a tsakar gida ina kallon wurin da idon baƙo. Na ce a raina, duk mai hankalin da ya ga wannan igiya da duwatsun nan da gwangwanaye masu tsumma, cewa zai yi ba a kula da matar nan. A gidanmu, idan manyan baƙi za su zo, mahaifiyata takan fitar da komai na ɗaki, a share, a wanke, a sake jere, manyan kwanuka a ƙasa, ƙanana a sama. Ita ce hanyar da na sani ta fita kunya.

Na fitar da komai. Na kwance tsummokaran, na goge gwangwanayen da toka har suka yi ƙyalli, na jera su bisa tsawo. Na kwashe duwatsun na zuba bayan murhu. Na kwance igiyar na naɗe ta na cusa ƙarƙashin gado. Tulun ruwan sha na ga rana tana dukansa a dama, na mayar da shi hagu cikin inuwa, na kanwa ya koma wurinsa. Kafin azahar gidan ya zama kamar na amarya. Tun da na bar Damagaram ban ji daɗin da na ji a lokacin ba.

Tare suka shigo, don a ƙofar gidan suna Alhaji da Malama Asabe suka haɗu da Inna. Alhaji Sule kakkauran mutum ne mai saurin magana, yana sayar da kayan gyaran mota.

"Kai, madalla," ya ce. "Gwaggo, gidan naki ne kuwa? Yarinya, sannunki da aiki."

Na sunkuyar da kai, zuciyata fari tas.

Inna ta shigo tsakar gida. Ta taka zuwa inda dutsen farko yake, ƙafarta ta laluba ba ta same shi ba. Ta tsaya. Sannan ta ci gaba a hankali, a karkace, har kafaɗarta ta bugi ginshiƙin rumfa. Ta miƙa hannu daidai ƙugu. Yatsunta suka buɗe suka rufe a kan iska.

A nan na gane. Igiyar, duwatsun, tsumman, kallon kafaɗa, shafar murfin kwano, duk suka haɗu suka zama abu guda. Inna Kande ba ta gani. Ta daɗe ba ta gani, ta mayar da gidan nan idonta, ni kuma na wayi gari na tsone shi.

Na yunƙura in ɗebo wa baƙi ruwa, ta ji motsina.

"Zauna. Ɗan wana ne ya zo gidana, ni zan ba shi ruwa."

Ta laluba bango ta kai dama da ƙofa, ta buɗe faifai, ta cika moɗa. Ina kallo. Na so in yi magana. Amma a gidanmu yarinya ba ta tsoma baki a gaban babban namiji, kuma ban taɓa yi ba. Alhaji yana ba Malama labarin tsadar kaya, ya karɓa bai duba ba, ya kurɓa. Ya furzar a ƙasa yana tari.

"Gwaggo, kanwa ce wannan."

"Kanwa kuma?"

Ta juya ta koma ta ɗauko gwangwani, wai za ta ba shi goro ya wanke baki. Ta buɗe ta miƙa masa. Barkono ne.

Alhaji ya ajiye moɗar a hankali. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya rage murya ya dubi Malama, kamar Inna ba ta wurin.

"Malama, kin dai gani. Ba zancen ƙarfin jiki ba ne kuma, rikicin tsufa ne ya fara. Yau kanwa ta ba ni, gobe fa? Kalanzir? Idan wani abu ya same ta, ni za a zaga a dangi. Gobe zan turo mota."

"Sule," in ji Inna, "hankalina ɗaya."

"Na sani, Gwaggo," ya ce, da irin muryar da ake lallashin yaro.

Malama Asabe ta cire tabarau tana gogewa.

Na san idan na yi magana zan tona abin da tsohuwar nan ta yi shekaru tana rufewa. Na san idan na yi shiru za a ɗauke ta a matsayin wadda ta rikice, a ajiye ta a ɗakin baya a Unguwa Uku, ana ba ta abinci a baki. Na durƙusa.

"Baba," na ce. Muryar ba ta fita ba, sai da na sake. "Baba, ni ce. Ni na sauya tulun. Hankalinta lafiya lau. Idonta ne."

Guɗar gidan suna ta tsallako katanga.

"Munafuka," in ji Inna, a hankali. "Ban ce ba? Damagarawa."

"Idonta?" Alhaji ya matsa ya kaɗa hannu a gaban fuskarta. Ta ji iskar ta bige hannun.

"Kada ka yi mini wasan yara. Eh, ba na gani. Tun kafin rasuwar maigidana ya fara, shekara uku ke nan sai dai haske da duhu. Ka zo gidan nan sau nawa a ciki? Ka taɓa shan kanwa?"

"To ai wannan ya fi muni, Gwaggo. Makauniya ita kaɗai da murhu?"

"Baba, a ba ni izini in mayar da kayan," na ce. Ban san inda na samo ƙarfin ba. "Sai a gani."

Ban jira amsarsa ba. Na tashi. Abin da idona ya tara wata biyu shi ya yi mini rana. Na zaro igiyar na ɗaura a tsohon gurbinta, inda ta ci jikin ginshiƙin. Na mayar da duwatsun, mai faɗin a tsakiya, kowanne cikin ramin da ya bari a ƙasa. Tulun sha a dama. Na tsamo tsummokaran daga shara, ja na gishiri, mai ƙulli biyu na goro. Kujerar tsuguno a bakin ƙofa, inda na taɓa shan faɗa a kanta. Tsintsiya a kwance, kanta na kallon zaure.

"Na gama, Inna."

Ta taka zuwa ginshiƙin rumfa. Sannan ta miƙa hannu, igiyar ta faɗa cikin tafinta. Daga nan ba ta sake laluben komai ba. Ta ɗauraye moɗa ta ba Alhaji ruwa. Ta taka duwatsun ɗaya, biyu, uku, ta tsuguna ta hura wuta, ta tattare zanenta tsakanin gwiwoyi. Ta dama kunun tsamiya, ta zuba a kofi uku ba tare da ɗigo ya zuba ba. Uku, ba huɗu ba. Ni ba ta ba ni ba.

Alhaji ya shanye nasa yana kallon igiyar.

"Ranar da zanenki ya kama wuta fa?"

"Matarka ce ta zo gaishe ni ta matsar mini da murhu, wai hayaƙi na shiga ɗaki."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba, ya shafa fuska. Malama Asabe ta ce mai yiwuwa yanar ido ce, kuma ana cirewa a asibiti, ƙungiya za ta raka ta idan shi zai kai su. Inna ta ce babu mai sa mata wuƙa a ido. Suka yi ta ja. A ƙarshe Alhaji ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

"Ba zan turo mota gobe ba. Amma ban ce na haƙura ba. Yarinyar nan ta zauna, kuma duk Juma'a zan leƙo." Ya juyo gare ni. "Ke kuma kada ki sake yi mana gyara."

Kwana huɗu Inna ba ta yi mini magana ba. Matan ƙungiya da suka ji labari suka riƙa shigowa suna yi mata sannu da murya mai taushi, wata har da kama mata hannu, abin da ta fi tsana a duniya. Duk wadda ta fita, sai Inna ta juya wajen da nake ta yi tsaki. Takarduna ba su dawo ba, Hajiya Laure ta aiko cewa ba ta san inda ta sa su ba. A aji har lokacin ina zaune a bencin baya, gwiwoyina na dukan tebur.

Tun zuwana gidan ba ni da wurin kaina. Kullum da safe nakan naɗe tabarmata in ɗauki jakar littattafaina in rasa inda zan sa su, yau bayan ƙofa, gobe kan buhu, don kada su tare mata hanya. Rana ta biyar na dawo daga makaranta, ina tsaye da jakar a hannu, ta ce, "Ke, 'yar Damagaram."

"Na'am, Inna."

Ta tashi daga bakin gado ta taka zuwa jikin bangon gabas, tana ƙirgawa a fili. Taku huɗu. Ta buga ƙasa da diddige.

"Nan za ki riƙa ajiye tabarmarki, jakar a kanta. Na ƙirga da ke. Idan kika matsa ko da taku ɗaya ne na faɗi, sai na rama abin da kakanninki suka yi mana."

Na ajiye su a wurin. Ta shafa da ƙafa ta tabbatar, ta kama igiyarta ta fita alwala.